Ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuyan hannu: ana ɗauka ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 48, ina koyarwa a firamare. Wata biyar ke nan wasu ƙuraje baƙaƙe masu sheƙi suka feso mini a wuyan hannu da idon sawu, ga ƙaiƙayi kamar in yage fatar, musamman da dare. Mai kemis ya ce ƙazwa ce, na shafa magani har kwalba uku, shiru. Da na je asibiti likitan fata ya rubuta lichen planus a katina, ya ba ni man shafawa, amma layi ya hana ni yi masa tambaya. Yanzu a gida an ware mini bokiti da tawul, matar ɗana ma ta daina ba ni jikata. Ana ɗauka ne? Baƙin tabon zai tafi? Ina kuma shan maganin hawan jini tun bara.
Wata malama daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ki karɓi jikarki ki goya ta, a kuma mayar da bokitin nan cikin 'yan'uwansa. Laikin filanas, kamar yadda muke furta sunan, ba a ɗaukarsa, ko ta tawul, ko ta kwano, ko ta shimfiɗar aure. Babu ƙwayar cuta a ciki. Garkuwar jikinki ce ta rikice take yaƙar ƙasan fatarki, kamar maigadin da ya ɗauki maigida ɓarawo. Shi ya sa maganin ƙazwa bai yi komai ba. Da a ce ƙazwa ce, da yanzu rabin gidan na susa tare da ke.

Tsohon ciwo ne, tun 1869 wani likitan Ingila mai suna Erasmus Wilson ya raɗa masa wannan suna, kuma ya fi kama masu shekara 30 zuwa 60. Littattafan da muka karanta suna cewa ƙurajen ruwan shanshanbale ne, amma wannan a farar fata ke nan. A fatarmu duhu suke yi, samansu a shafe, suna ƙyalli. Ki ɗiga man gyaɗa a kan guda ɗaya ki duba a rana, kina iya ganin wasu siraran fararen layuka kamar yanar gizo. Su muke nema kafin mu yanke hukunci.

Susa ita ce babbar abokiyar gabarki. Wannan ciwo yana bin rauni: duk inda farce ya karta, sai sababbin ƙuraje su jeru a kan layin kamar an shuka su. Don haka a yanke farce, a ajiye soso mai kaushi, a rage zafin ruwan wanka, a riƙa shafa man kaɗanya bayan wanka. In ƙaiƙayin dare ya hana barci, akwai ƙwayoyin rage ƙaiƙayi da likita zai rubuta miki.

Man da aka ba ki, mai yiwuwa irin su clobetasol ne ko betamethasone, masu kwantar da kumburi. Ɗan kaɗan ake shafawa a kan ƙurajen kawai, na iya makonnin da likita ya ce. In aka zarce yana siranta fata.

Yawancin na fata yana lafawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, sai dai wanda ya yi kauri a ƙwauri ya fi taurin kai. Tabon kuwa, gaskiya sai kin yi haƙuri, yakan ɗauki watanni, wani lokacin shekaru, kafin ya dushe. Na sha ganin mata ƙurajen sun tafi, sai su afka wa man bilicin don goge tabon, su dawo da fata ta yi dabbare-dabbare da nankarwa. Kada ki bi wannan hanya.

Na ji daɗi da kika ambaci maganin hawan jini. Wasu daga cikinsu, irin su captopril da methyldopa da masu sa fitsari, da ma chloroquine na zazzaɓi, suna iya haifar da ƙuraje masu kama da waɗannan sak. Kada ki daina sha da kanki. Ki kwashi kwalayen duka ki kai wa likitan, shi zai ga ko za a sauya. Ki kuma nemi a yi miki gwajin ciwon hanta nau'in C, don akwai alaƙa tsakaninsu.

Sannan ki ɗauki madubi ki leƙa cikin kumatunki da dasashi. Wannan ciwo kan shiga baki, ya yi farin zane. In ba ya zafi, ba lallai a yi masa magani ba. In kuwa yaji ko lemun tsami suna ƙona ki, ko akwai gyambon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ki koma asibiti. Na baki ya fi daɗewa, kuma kaɗan daga ciki kan rikiɗe ya zama daji, don haka ake son a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Haka in kika ga gashi na zuba a wuri guda, ko farce na tsagewa, ko zafi a al'aura, kada kunya ta sa ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.