Kumburin fuskar tumaki bayan kiwo a shukakkiyar ciyawa

Ɗana, na ji bayaninka game da 'yan tumakin Balami uku da ka saki a makiyayar da muka shuka a gefen Dadin Kowa. Ka ce kunnuwansu da fuskarsu sun kumbura, fatar tana ɓarewa, idanunsu suna zubar da ruwa, kuma da rana ta ɗaga sai su ruga inuwa su ƙi kiwo. Ka shafa musu maganin ƙazuwa bai yi aiki ba, kana mamakin yadda shanun da ke cin ciyawar tare da su suke lafiya lau.

Maganin bai yi aiki ba ne domin ciwon yana cikin hanta, fata shaida kawai take bayarwa. Ciyawar nan da masana ke kira Brachiaria decumbens, wadda asalinta daga Gabashin Afirka take, an yi ta shuka ta a Barazil da Malesiya saboda tana jure kiwo da ƙasa maras ƙarfi, kuma a ƙasashen biyu an daɗe da sanin illarta ga tumaki. Ganyenta yana ɗauke da wani sinadari mai kumfa da ake kira safonin. Idan tunkiya ta yi ta ci, sinadarin yakan sauya kama a tumbinta, ya isa hanta, ya daskare ya zama ƙananan tsakuwoyi a cikin siraran hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi, har su toshe. Ɗanyen ganye kuwa, kowane iri ne, idan ya narke a tumbi yakan bar wani saura na korensa, wanda lafiyayyar hanta ke zubarwa ta wannan hanyar da ta toshe. Da ya rasa mafita sai ya taru a jini ya kai fata, kuma duk inda hasken rana ya same shi a fatar da ba ta da baƙi ko gashi mai kauri, sai wurin ya ƙone kamar an zuba tafasasshen ruwa. Shi ya sa abin ya fi bayyana a kunne da hanci da fatar ido, shi ya sa kuma farar tunkiya irin Balami ke saurin nuna shi. Kada baƙin gaban Uda ya ruɗe ka, hantarta tana iya lalacewa alhali fuskarta ba ta nuna komai ba.

Shanu sun fi tumaki jure wannan ciyawa, ko da yake 'yan maruƙa sukan kamu. A cikin tumakin ma, ƙanana da baƙin da ba su taɓa cin ta ba su ne suka fi faɗuwa, kuma naka ukun a kasuwa muka sayo su watan jiya. Laifina ne da ban gargaɗe ka ba kafin tohon damina ya fito.

Ka ɗaga leɓen kowace ka duba dasashi, ka buɗe fatar ido. Idan ka ga rawaya, shawara ce, kuma ta tabbatar da zancena. Idan kuwa fari fat ka gani tare da kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa, ka yi zargin tsutsar hanta, wadda ba baƙuwa ba ce a fadamun kogin Gongola, kuma maganinta daban ne. Ka duba makiyayar ko akwai tsidau, domin shi ma yana jawo irin wannan ciwo, makiyayan Afirka ta Kudu sun daɗe suna fama da shi.

Yau ɗin nan ka fitar da tumakin duka daga makiyayar, har waɗanda ba su nuna alama ba. Marasa lafiyar ka sa su a rumfa mai duhu wadda rana ba ta ratsawa, ka ba su harawa busasshiya da dusa maras fumfuna da ruwa mai yawa, kada ka kawo musu ɗanyen ganye ko da gamba ce, tunda koren ne ke ƙara wa fatar wuta. Ka wanke gyambon ka tsare shi daga ƙuda, domin tsutsa na saurin shiga kunnen da ya ɓare. Gubar ba ta da makari. Abin da likitan dabbobi zai yi shi ne allurar rage kumburi da ta hana gyambon ruɓa, ya kuma ɗebi jini idan yana son auna lafiyar hantar. Jiƙe-jiƙen sassaƙe da za a yi ta kawo maka ka bar su, hantar da ke wahala ba a ƙara mata aiki.

Ciyawar ba za mu tuge ta ba, shanu za su ci gaba da ci. Tumaki kuwa sai a gamba da kyasuwa. Idan wata ta mutu ko ta kai ga yanka, ka ajiye mini hantar da matsarmamar a inuwa in gani da idona, kuma naman da kitsensa ya yi rawaya kada ya je hannun mahauta.