Da me ƙananan na'urorin nan suke tafiya a cikin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin jinya ce daga unguwar Gwale. Na ji ana ƙera wasu mitsi-mitsin na'urori da za su yi iyo a cikin jini su kai magani inda cuta take. Tun da ba su da inji kuma ba su da batir, da me suke tafiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Wasu daga cikin na'urorin ba su fi jar ƙwayar jini girma ba, wadda faɗinta bai wuce kashi 8 cikin 1000 na milimita ɗaya ba, kuma ga abu mai ƙanƙanta haka, ruwa ma kauri gare shi kamar zuma. A 1977 masanin kimiyya ɗan Amurka Edward Purcell ya bayyana cewa a irin wannan hali motsin gaba da baya, kamar buɗe ƙofa da rufe ta, ba ya kai abu ko'ina. Inda ya tashi nan yake komawa.

Shi ya sa masu bincike a jami'ar ETH ta Zurich suka kwaikwayi bakteriya, suka ƙera wutsiya murɗaɗɗiya wadda take juyawa tana kutsawa, yadda sukuru yake shiga katako. Ƙarfin kuwa daga wajen jiki yake zuwa. Idan kin taɓa ganin tela yana tsintar allura da maganaɗisu, kin ga tushen dabarar, sai dai a nan maganaɗisun juyawa yake yi, na'urar tana juyawa tare da shi.

A ganina, babbar wahalar ita ce gudun jinin kansa. Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ana gab da Sallah ya san cewa mai son tunkarar cunkoso ba ya bin tsakiyar layi, raɓawa yake yi ta jikin shaguna. Haka jini yake: a tsakiyar jijiya yake da ƙarfi, a gefe kuwa yana lafawa. A 2020 cibiyar Max Planck da ke Stuttgart a Jamus ta nuna wasu 'yan dunƙulallun na'urori masu mirginawa a bangon jijiya kamar fararen ƙwayoyin jini, har suna iya tunkarar gudun.

Kada dai ki sa ran ganinsu a ɗakin majinyata yanzu. Gwajin yana kan dabbobi ne, kuma ana ta neman hanyar da likita zai riƙa hango na'urar sarai tana tafiya, da yadda za ta narke ko ta fita daga jiki bayan ta sauke maganin.