Amsa kan gwajin rarrabuwar makin juriyar ɗalibai

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin raba takardar tambayoyi ta CD-RISC ga ɗaliban sakandare a Gwale da Fagge don auna juriyarsu kan wahalhalu, sai gwajin Shapiro-Wilk, mai duba ko maki ya bi rarrabuwa ta daidai (normal distribution), ya ba ki sakamakon p ƙasa da 0.05, alamar cewa makin bai bi ta ba. Kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba.

Idan ɗalibai suna da yawa, kamar ɗari uku, wannan gwajin yakan kama ko 'yar karkata kaɗan ce. Shi ya sa ni ban yarda a tsaya kan p kaɗai ba. A manhajar ƙididdiga ta SPSS shiga Explore ki fitar da zanen Q-Q, mai kwatanta makin da layin rarrabuwa ta daidai. In ɗigo-ɗigon sun bi layin, da sauƙi.

Ki tabbatar jimillar makin kike gwadawa, daga 0 zuwa 100, ba tambayoyin 25 ɗaya-bayan-ɗaya ba. Sannan in yara da yawa suka zaɓi amsar "kusan koyaushe", sai maki ya taru a sama. Wannan abin lura ne, ki rubuta shi a rahotonki.

In karkatar ta yi tsanani, yi amfani da gwaje-gwajen da ba sa buƙatar rarrabuwa ta daidai: Mann-Whitney wajen kwatanta maza da mata, ko Spearman wajen duba alaƙar makin da sakamakon jarrabawa. Allah ya ba da sa'a.