Yaya ake auna yawan sitacin da ke cikin dankalin turawa?

Tambaya: Malam, na ɗiga aidin a kan dankalin turawa da na yanka, sai wurin ya yi shuɗi mai duhu har ya kusa zama baƙi. Shin duhun launin nan zai iya nuna mini yawan sitacin da ke ciki?

Amsa: Aidin yana tabbatar da cewa akwai sitaci, amma ba ya faɗin adadinsa, domin dankali mai sitaci kaɗan ma zai yi wannan launin. Idan adadi kake nema, hanya mafi sauri ita ce awo a cikin ruwa. Ana wanke dankali tas, a auna kilo 5 a sikeli, sannan a zuba shi a kwandon ƙarfe, a nutsar da shi cikin ruwa, a sake aunawa. Tun da sitaci ya fi ruwa nauyi, dankalin da ya fi rinjayar sikeli a cikin ruwa shi ne ya fi sitaci. Idan giram 5,000 ya koma 400 a ruwa, sai a cire 400 daga 5,000 ya rage 4,600, a raba 5,000 da 4,600, a sami 1.087, wato nauyin dankalin idan aka kwatanta da na ruwa, wanda ke nuna sitaci kusan kashi 15 cikin ɗari. Sai dai wannan ƙiyasi ne, kuma dankali mai rami a tsakiya ko wanda ƙasa ta maƙale masa yakan ɓata lissafin.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta inzayim, wato sinadaran da ke farfasa sitaci, ko da yake tana cin lokaci. Ana busar da dankalin, a niƙe shi ya zama gari, a wanke garin da itanol (wani nau'in alkohol) mai ƙarfin kashi 80 domin fitar da sukarin da ke ciki tun asali. Wannan wankin bai kamata a tsallake shi ba, musamman ga dankalin da ya daɗe a sanyi, domin sanyi yana mayar da wani ɓangare na sitaci sukari, kuma idan aka bar shi za a ƙirga shi a matsayin sitaci. Daga nan a dafa garin da inzayim alfa-amilas, a biyo da wani inzayim mai suna amilogulukosidas, su farfasa sitacin ya koma gulukos, wani nau'in sukari. Na'urar auna launi ce ke karanta yawan gulukos ɗin, sannan a ninka sakamakon da 0.9, saboda ruwan da ya shiga jikin sitacin lokacin farfasawa.