Tele biyu da waya ɗaya, amma kowa da nasa lissafin

Wani magidanci daga Garwa ya rubuto cewa ya sa Kodi, manhajar kallon fina-finai, a tele ta falo da ta ɗakin uwargida da wayarsa, ya ɗora MariaDB, manhajar ajiye rumbun bayanai, a tsohuwar kwamfuta don duk su riƙa tuna inda aka tsaya a fim ko wa'azi. Wata biyu lafiya lau, yanzu abin da ya ƙara a falo ba ya fitowa a ɗaki.

Alhaji, ko ban taka gidanka ba na san wani ya danna sabuntawa, kuma yaran nan naka nake zargi, su da ba sa ganin maɓalli su ƙyale. Wannan abu yana ci min rai wallahi, don kusan duk wata sai an kawo min shi. Kowane babban zubi na Kodi da rumbun bayanansa: na 19 yana amfani da MyVideos119, na 20 MyVideos121, na 21 kuma MyVideos131. Da zarar na'ura ɗaya ta hau sabo sai ta kwafi tsohon rumbun ta buɗe nata daban, sauran suna can suna rubutu a tsohon, to ta yaya za su jitu? Ka duba lambar kowacce, ka daidaita su rana ɗaya, sannan ka shiga Play Store ka kashe sabuntawar da ke yin kanta.

Ka buɗe advancedsettings.xml, fayil ɗin da ke nuna wa Kodi inda rumbun yake, ka tabbata iri ɗaya ne a duka ukun, kofa 3306 da ake shiga MariaDB ta cikinta, kuma kwamfutar nan a ba ta adireshin IP da ba ya canzawa, in ba haka ba duk sanda aka ɗauke kuran aka dawo da shi tana iya tashi da sabon adireshi ku yi ta nemanta. Fina-finan ma da smb://, wato adireshin da duk na'urorin gidan ke iya gani, za ka shigar da su, wayarka ba ta san wani D: na cikin kwamfuta ba. Kuma don Allah ka sayi ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke kuran, yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata rumbun. Ni duk Juma'a bayan masallaci nake yin mysqldump, wato in kwafe rumbun, in zuba a filashi, minti biyu ne.

Wata baiwar Allah daga Ngaundere ta ce sabon akwatinta na tele mai Kodi yana jinkirin nuna hotunan fina-finai. Hajiya, hotunan ba sa cikin rumbun, kowace na'ura ita ke tara nata. Ki bar shi kunne ya gama.

Wani daga Njamena yana so ya buɗe kofa 3306 ga intanet don ya riƙa kallo daga shagonsa a kasuwa. A'a ɗan'uwa, kar ka soma. Sa Jellyfin, wanda ke ba ka damar kallon fina-finan gidanka daga nesa, kyauta ne, ka ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, ka kuma riƙa ɗaga kai kana kula da masu ciniki.