Ku Tambaya Mu Amsa: Helikwaftan Rimot da Kayan Wasan Harbi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mai gyaran waya ne a Farm Centre nan Kano, tun ina yaro nake son harkar jirgi wallahi. Kwanaki na sayi wani ɗan ƙaramin helikwafta na rimot, a cikin ɗaki yana tashi lafiya lau amma da na fita dashi tsakar gida sai yaƙi jin rimot ɗin ya tafi ya daki katanga. Yanzu na ɗan tara kuɗi inaso in yi odar babba irin wanda nake gani a YouTube yana wulƙitawa har yana tashi a kife. Dan Allah wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Jirginka ba lalacewa yayi ba, aikin da aka ƙera shi dominsa kenan. Yawancin ƙananan nan irin su Syma S107 da haske suke magana da rimot ɗinsu, irin hasken da rimot ɗin talabijin yake amfani dashi wanda ido baya gani, to da zarar ka fita rana sai hasken rana ya danne saƙon, jirgi ya daina ji. Ga kuma iska, abu ne marar nauyi mai farfela biyu ɗaya bisa ɗaya kowacce na juyawa ta ɓangarenta, an yi shi ne don ya tsaya cak a ɗaki, ko iskar fanka ma tana iya kwasarsa. Duk wanda zaka saya nan gaba ka duba kwalin ka tabbatar an rubuta 2.4GHz, wannan da igiyar rediyo yake aiki, rana bata dame shi ba.

Amma maganar babban nan da kake so, ina roƙonka ka dakata tukuna. Wanda kake gani yana tashi a kife wani abu ne daban gaba ɗaya. A ƙananan, in kanaso jirgi yayi sama sai ka ƙara ma farfela gudu, in kanaso ya sauko ka rage. A manyan kuwa farfela tana kan gudunta kusan ɗaya tun daga tashi har sauka, abin da kake canzawa da yatsanka shine karkatar fukafukan, ka karkata su sama su ɗaga jirgi, ka karkata su ƙasa su danna shi, shi yasa in an kifa shi sai a juya karkatar ya cigaba da shawagi kansa a ƙasa. Akwai wani faifai a ƙarƙashin farfelar da ƙananan injina uku suke turawa suna ja, shine yake rarraba wannan karkatar gaba, baya, hagu, dama, sannan ga ƴar farfelar wutsiya da take hana gangar jikin jirgin juyawa. Irin wannan jirgin baya tsayawa da kansa ko na daƙiƙa biyu, in ka saki sandar rimot ya fara zamewa kenan. Masu lamba 700 irin su Align T-Rex na Taiwan ko Goblin na Italiya, faɗin farfelarsu ya kai mita ɗaya da rabi, tana zagaye wajen 2,000 a minti guda, bakin fiffiken yana gudun da ya wuce kilomita 400 a awa. A 2013 a unguwar Brooklyn ta birnin New York wani saurayi ɗan shekara 19, kuma gwani ne ba ɗan koyo ba, jirginsa ya dawo ya same shi a ka, nan take ya rasu. Shi yasa raina yake ɓaci in naga bidiyon wani yana tayar da irin wannan a lungu yara sun zagaye shi suna tafi.

Da rarrafe yaro kan tashi. Kafin ka sayi jirgi ka sayi rimot mai kyau wanda zaka iya jonawa da kwamfuta, ka saka manhajar koyo irin su RealFlight ko Heli-X, a can zaka faɗi sau ɗari baka biya ko sisi ba. Tsarin da akasari ake bi shine sandar hagu ta riƙe sama da ƙasa da juya wutsiya, ta dama ta riƙe gaba da baya da gefe. Darasin farko kuma ba wulƙitawa bane, tsayuwa ce, ka ɗaga jirgi daidai ƙugunka wutsiyarsa na kallonka ka riƙe shi a wuri ɗaya har batir ya ƙare. In wannan ta zauna sai ka juyo dashi ta gefe, daga baya ka juyo hancinsa ya fuskance ka, anan ne hagu take komawa dama kai ya ɗaure, kuma anan yawancin mutane suke fasa jirginsu na farko. Bayan nan sai ka nemi ƙarami mai tasha shida, wato hanyoyin sarrafawa shida a rimot, irin XK K110 ko OMPHobby M1, tsarin manyan gare su amma in sun faɗi a ciyawa ɓarnar kaɗan ce. Kuma ranar da zaka yi odar ka haɗa da fukafukai na canji, da sandar tsakiya, da giya, da ƙafafu, domin babu shagon da zaka shiga a Sabon Gari kace a baka, sai ka jira wata odar, wani jirgin haka yake kwana wata biyu a kan durowa saboda giya ɗaya. Tunda kai mai gyaran waya ne ka riga mutane da yawa, hannunka ya saba da soda da ƙananan kusoshi. Lokacin hunturu ka dinga goge shi bayan kowane tashi, ƙura tana cin giya da boris.

Sai maganar hukuma wadda bazan tsallake ba. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA ta hana tayar da jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma shigo dasu daga waje ma akwai takardar da wancan ofishin yake bayarwa. A arewa maso gabas sojoji sun hana tayar dasu ba izini. Jami'in da ya ganshi a sama ba zai tsaya tantance helikwaftan wasa ne ko mai kyamara bane, kuma da halin da ake ciki ban ga laifinsa ba. Kano kuma filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga bariki kusa dashi, don haka wajajen nan ko da wasa. Ka tambayi NCAA kafin ka biya kuɗin babba, ka nemi fili a bayan gari nesa da gidaje da turakun wuta, ka gaida mai unguwa ka nuna masa abin da kake yi. Kuma kada wani ya kashe maka gwiwa yace wasan yara ne, gasar duniya ake yi a kansa ƙarƙashin hukumar wasannin jiragen sama ta duniya FAI da ke Lozan a Suwizalan, kuma a garin nan naku ne a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta na gaske da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa har ya ɗaga daga ƙasa.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni uwa ce daga Maraɗi, kawun yarona ya kawo masa jirgin rimot, yanzu naga batir ɗin ya kumbura, yaron yace wai in huda shi da allura iskar ta fita. In huda?

Amsa: A'a Hajiya, don girman Allah kada ki huda, kuma ki karɓe shi daga hannun yaron yau ɗin nan. Irin wannan batir ɗin LiPo ake ce masa, in ya kumbura to cikinsa ya lalace, in aka huda yana iya kamawa da wuta nan take da hayaƙi mai guba. Ki saka shi a tsohuwar tukunya ko gwangwani da yashi ki ajiye a waje cikin inuwa nesa da itace da fetur, kada a jefa a wuta ko a sharar da za a ƙona. Abin da yake kumbura shi abu uku ne yawanci: zafi, barinsa a caji, da kuma shanye shi ƙaf. Kowane ɗaki na batir ɗin, wato kowane sel da ke cikinsa, volt 4.2 yake nunawa in ya cika, bai kamata ya sauka ƙasa da 3.3 ba, in kuma za a ajiye shi kwanaki to a wajen 3.8 ake barinsa, wato rabin caji. In an sayo sabo, a bari ya huce bayan wasa kafin a jona, a yi cajin a kan siminti ba a kan katifa ba, babba yana wurin, kuma kada a bar shi cikin mota a rana, kin san zafin Maraɗi a watan Afrilu. Minti biyar zuwa takwas yake yi a sama dama, ki gaya ma yaron ba ciwo bane, da yaga jirgi ya fara nauyi ya sauke shi.

Tambaya: Salam Yallaɓai. Ma'aikaci ne ni a Kaduna. Tun da naga mutumin Turkiyya nan a gasar Olamfik yana harbi hannu a aljihu ba wani tarkace a jikinsa abin ya shiga raina. Wane kaya ake buƙata a fara? Kuma tunda bindigar iska ba ta gaske bace ai zan iya odarta ta intanet ko?

Amsa: Ɗan'uwa bari in fara da ta ƙarshen don ita ce mai kai mutum gidan yari. A dokar makamai ta Najeriya bindigar iska, doguwa ko gajera, tana rukuni ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu, wato sai da lasisin Sufeto Janar na ƴan sanda. Bindigar toka da harba-ruga lasisinsu a hannun kwamishinan ƴan sanda na jiha yake, manyan makamai kuma, har da wadda ake ce ma famfo, sai da izinin shugaban ƙasa. Kuma a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bada sababbin lasisi. Don haka kada kayi odar, kada ka karɓa a hannun wani da yace zai shigo maka da ita a cikin kaya. Hanyar da take a buɗe ita ce ka nemi hukumar wasan harbi ta ƙasa ta hannun hukumar wasanni ta jiharka, su nuna maka wurin atisaye mai rajista inda bindiga tasu ce, a wurin ake ɗauka a wurin ake ajiyewa, ga koci a tsaye.

Shi kuma Yusuf Dikeç da ka gani, azurfa ya ci a Faris 2024 a gasar haɗaka ta mace da namiji, yana da shekara 51, kuma tun 2008 yake zuwa Olamfik. Mutane sun kalli hannun da ke aljihu sun manta da shekarun. Ita ƙaramar bindiga dama da hannu ɗaya doka tace a riƙe ta, kuma ba a yarda da rigar tallafi ba, abin da ya bari kawai shine tabarau na musamman mai rufe ido ɗaya da kuma babbar matoshin kunne, ya saka ƙanana. Masu doguwar bindiga sune masu kaya: riga da wando na kauri masu tauri da suke tallafar baya da ƙugu, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, safar hannu mai kauri don kada bugun jini ya girgiza bakin bindiga, kuma alƙalai suna auna kaurin rigar da taurinta kafin gasa. Bindigar ba zata wuce kilo 5.5 ba, tana da tulun iska da ake durawa har ma'auni 200 zuwa 300, harsashinta ɗan guntun dalma ne mai faɗin milimita 4.5 mai shafaffen kai don ya yanke takarda da kyau. Ba madubin kusanto da abu, ta ƴar ƙofa kake leƙawa. Nisa mita 10 ne, tsakiyar da ake nema faɗinta rabin milimita, harbi 60 cikin awa 1 da minti 15, a tsaye. Manyan masu ƙera su Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus da Steyr na Ostiriya, kuma tsadarsu ba ta ɗan koyo bace, ni a ganina wanda bai yi shekara yana harbi da ta kulob ba bashi da dalilin tunanin tasa.

Abin da zaka saya da kuɗinka tun ranar farko kaɗan ne: tabarau na kariya domin harsashi yana dawowa in ya daki ƙarfe, da matoshin kunne, musamman in wurin ana harbin faifan yumɓu da bindiga mai albarushi, ƙararta tana wuce ma'aunin sauti 140 kuma jin da ya tafi baya dawowa. Ka haɗa da sabulu, da gaske nake, harsashin dalma ne, a wanke hannu kafin a taɓa abinci kuma kada yara su samu gwangwanin, mu da muka ga abin da gubar dalma tayi ma ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bama buƙatar dogon bayani. Sauran kuma tarbiyya ce da koci zai dasa maka, kowace bindiga ka ɗauka da harsashi a ciki, bakinta baya kallon mutum ko da an rantse maka babu komai, yatsa baya hawa kunama sai ka gama saiti, kuma ka san abin da ke bayan allon da kake harbi. In wurin atisaye ya yi maka nisa, ka gwada kwari da baka, numfashi ɗaya ne, tsayuwa ɗaya ce, natsuwa ɗaya ce, kuma abu ne da kakanninmu suka sani.

Tambaya: Malam yarana sun matsa sai na sayo masu bindigar roba mai ƴaƴa da Sallah kamar sauran yaran layi. Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Alhaji ni dai ban goyi baya ba. Ƙwallayen roban nan ƙanana ne amma suna fasa ido, kuma yara junansu suke harbi a fuska, ga wasu bindigogin baƙaƙe ne sak na gaske, yaro ya fito da ita da magariba kusa da shingen jami'an tsaro Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. In harbin saiti suke so, ka jera masu gwangwanaye a jikin katanga a cikin gida, kowa da tabarau a idonsa, kowa a bayan layi ɗaya, kana zaune kana ƙirga masu maki, in an gama ka karɓe ka kulle a ɗakinka. In kuma ba zaka samu lokacin zaman ba, ka sayo masu mai feshin ruwa.