Amsa ga ƙanwarmu da ta ga maganin ya yi yawa ta kasa magana

Assalamu alaikum. Sau biyu na karanta tambayarki kafin na fara rubutu. Kin ce watanki huɗu da kama aiki, kin ga adadin maganin da likita ya rubuta wa wani majinyaci ya yi miki yawa, gabanki ya faɗi, amma da kika tuna tsawar da ya daka wa wata ranar nan sai kika haɗiye maganarki kika ba da maganin haka nan. Allah ya tsare, babu abin da ya faru. Yanzu kina tambaya ko nas tana da hurumin ja da abin da likita ya rubuta, ko kuwa hakan rashin kunya ne.

Ƙanwata, kina da hurumi, har ma wajibi ne a kanki. Likita ya rubuta, mai harhaɗa magunguna ya fitar, amma hannunki ne ya tura allurar cikin jijiya, sa hannunki ne kuma a jikin katin. Ranar da abu ya lalace, hukumar da ta ba ki lasisi ba za ta karɓi "ai likita ne ya ce" a matsayin uzuri ba. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, an koya mana shi a makaranta. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda za a buɗe baki, kuma a kansa zan daɗe, domin a nan na taɓa yin tuntuɓe.

Na fi shekara ashirin ina jinya, yawancinsu a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. A shekarata ta biyu ina aikin dare, aka bar mini wani bawan Allah da aka yi wa aiki a ciki da yamma. Da na karɓe shi bugun zuciyarsa 88 ne. Wajen sha ɗaya na dare ya koma 104, ƙarfe ɗaya ya kai 122, awon jininsa yana sauka a hankali, fitsarin da ke taruwa a jaka ya ragu, tafin hannunsa ya yi sanyi. Raina ya ba ni cewa jini yake zubarwa ta ciki. Na kira likitan da ke kan aiki, kin san abin da na ce masa? "Likita, yi haƙuri na tashe ka, mai gado na shida ne ba ya ɗan jin daɗi, ko za ka leƙo idan ka samu sarari?" Ya tambaye ni ko ciwo yake ji, na ce eh, ya ce in ba shi maganin ciwo, ya kashe waya. Ni kuma na koma na zauna ina ta jin haushinsa a zuci. Sai da aka ƙara awa biyu, jinin mutumin ya faɗi warwas, sannan aka yi ta gudu da shi zuwa ɗakin tiyata. Ya rayu, bayan ƙarin jini leda da yawa.

Da gari ya waye likitan ya same ni da takardar awon a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, me ya hana ki karanta mini waɗannan lambobin? Na rasa amsa. A daren nan shi kaɗai ke riƙe da ɗakuna huɗu, an kira shi ya fi sau goma a kan ƙarin ruwa da ya tsaya da masu neman maganin barci. Ni na ɗauka na faɗa masa akwai haɗari. Shi kuwa abin da kunnensa ya ji, wani ne ke jin ciwo bayan tiyata, wanda kowa ke ji. Na yi masa hannunka mai sanda ina jiran ya gane, alhali mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba ba ya gane habaici.

Daga baya na gano cewa wannan ɗabi'a tamu har suna gare ta. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Leonard Stein, ya yi rubutu a kanta a 1967, ya kira ta wasan likita da nas. Ka'idar wasan ita ce nas ta ba da shawara ba tare da ta yi kama da mai ba da shawara ba, likita kuma ya karɓa ba tare da ya yi kama da wanda aka ba shawara ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. A 1990 ya sake waiwayar batun ya ce nas-nas sun fara daina wasan. Wataƙila a inda ya duba. Ni dai har yau ina jin ana buga shi a waya da tsakar dare, kuma idan wasan ya ɓaci majinyaci ne ke biya.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce matsoraciya. A 1966 wani mai bincike, Charles Hofling, ya sa aka riƙa kiran nas-nas a waya da sunan likitan da ba su sani ba, ana ce musu su ba majinyaci miligiram 20 na wani magani da ba ya ma cikin jerin magungunan asibitin, alhali a jikin kwalin an rubuta kada a wuce miligiram 10 a rana. Cikin nas 22, guda 21 sun tashi za su bayar, sai da aka tare su. Da aka tambayi wasu a zaune me za su yi a irin wannan hali, kusan dukansu cewa suka yi ba za su bayar ba. Faɗa a baki daban, tsayuwa gaban gado daban. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maimaicin da wasu suka yi a 1977. Sun yi amfani da maganin da nas-nas suka sani, Valium, suka kuma bar su su yi shawara da abokan aikinsu. A wannan karon 16 cikin 18 suka ƙi. Wato abu biyu ke ƙarfafa wa nas gwiwa: sanin maganin, da samun wadda za ta juya ta ce wa "zo ki duba mini wannan". Ki riƙe biyun nan. Ki san magungunan da aka fi amfani da su a ɗakinku kamar sunanki, musamman insulin, da heparin, da potassium, da masu sa barci da kashe ciwo mai tsanani, da duk maganin yara da ake lissafawa da kilo. Kuma kada ki ji kunyar nuna wa sistar da kuke aiki tare kati kafin ki kira likita.

To idan kin kira, me za ki ce? Akwai tsarin da ake koyarwa yanzu mai suna SBAR, wanda asibitoci suka aro daga sojojin ruwan Amurka. Ba wani abin wahala ba ne. Ki faɗi ko ke wace ce da majinyacin da kike magana a kai da abin da ke faruwa yanzu, ki ba da tarihinsa a taƙaice, ki faɗi abin da kike zato, ki faɗi abin da kike so a yi. Da na san shi a wancan dare da cewa zan yi: likita, mai gado na shida da aka yi wa aiki a ciki da yamma, bugun zuciyarsa ya tashi daga 88 zuwa 122 cikin awa biyar, jininsa yana sauka, fitsari ya ragu, ina tsoron yana zubar da jini ta ciki, ina so ka zo yanzu. Babu rashin ladabi ko ɗaya a ciki, kuma ba na jin akwai likitan da zai ji haka ya koma barci. A naki batun, ga yadda zan sa shi: likita, an rubuta wa wane kaza, nauyinsa kaza ne, littafin magunguna ya nuna kaza, ina so ka sake dubawa kafin in bayar. Kin ga ba ki ce ya yi kuskure ba, ba ki kuma ce "ko dai ni ce ban gane ba". Lambobi kika ajiye a gabansa. Idan ya ce ki bayar kawai ba tare da bayani ba, kuma har yanzu ranki bai kwanta ba, ki dakatar da maganin, ki sanar da shugabar ɗaki, a kira na sama da shi ko mai harhaɗa magunguna, ki rubuta lokacin da kika kira da abin da aka ce. Ki yi hakan a gefe, ba a gaban majinyaci da 'yan uwansa ba. Wannan ba don tsoron likitan ba ne, don kada a rushe amincewar da majinyaci ya yi wa masu kula da shi ne.

Akwai labarin da nake ba duk ɗalibar da ta biyo ta hannuna. A 2005 a Ingila, wata mata mai shekara 37, Elaine Bromiley, ta shiga ƙaramar tiyatar hanci. Bayan an sa ta barci aka kasa sa mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku, ƙwararru, suka duƙufa suna ta gwadawa, iskar jininta tana ta sauka. Wata nas ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta ce ga su nan, ba wanda ya tanka. Wata ta je ta tanadi gado a sashen kulawa ta musamman, da ta dawo ta faɗa aka yi mata kallon mai zuzuta abu, ta je ta soke. Matar ta rasu bayan kwana 13 saboda illar da rashin iska ya yi wa ƙwaƙwalwarta. Nas-nas ɗin sun ga abin da ya kamata a yi, sun ma yi magana, amma irin maganar da na yi a wancan dare. Mijinta Martin matuƙin jirgin sama ne, kuma maimakon ya nemi a hukunta wani, sai ya nemi a bincika yadda ake binciken haɗarin jirgi, a koyar da darasin. Su matuƙa sun sha irin wannan tun karon da jiragen sama biyu suka yi a tsibirin Tenerife a 1977 da ya ci mutum 583, wanda bayansa suka mayar da koya wa ƙaramin ma'aikaci yadda zai tsayar da kyaftin wani ɓangare na horo.

Sai dai zan faɗi abin da wasu 'yan uwana manya ba za su so ji ba. Zalunci ne a ɗora wa yarinya mai wata huɗu a aiki dukan nauyin jarumta. Idan ƙananan ma'aikata suna tsoron magana a ɗaki, mu manya ne muka gina tsoron, likitoci da mu sistoci baki ɗaya, domin wallahi na ga metiron da ta fi kowane likita iya disga ƙarami. A 2001 wani likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Peter Pronovost, ya rubuta matakai biyar da za a bi wajen sa bututu a babbar jijiya, abubuwan da kowa ya sani, irin wanke hannu da goge fata da rufe majinyaci da ƙyalle mai tsabta. Takardar kaɗai ba ta isa ba. Sai da hukumar asibitin ta ba nas-nas izini a fili su tsayar da duk likitan da ya tsallake mataki, tare da alkawarin mara musu baya. Da aka kai tsarin sassan kulawa ta musamman sama da ɗari a jihar Michigan, kamuwa da cuta ta wannan bututu ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Nas-nas ɗin ba su ƙara ilimi a dare ɗaya ba, goyon baya suka samu. Haka ma jerin dubawa na tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, a cikinsa akwai cewa kowa a ɗakin tiyata ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa. Wasu na raina wannan, amma wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a ɗaki ya fi samun sauƙin buɗewa karo na biyu.

Ki kuma shirya wa ranar da za ki tambaya ya zamana ke ce ba ki yi daidai ba, domin za ta zo. Ni ta zo mini a kan gentamicin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. An koya mana ana raba shi sau uku a rana, sai na ga an rubuta adadi mai yawa sau ɗaya tak. Na riƙe allurar na kira. Likitar ta bayyana mini cewa yanzu an koma bayar da shi sau ɗaya a rana ga yawancin majinyata, ta nuna mini lissafin, sannan ta ce in ci gaba da tambaya irin haka. Minti uku abin ya ɗauka. Da ta yi mini dariya a gaban mutane, da ƙila na shekara ban sake ɗaga waya ba. Ga likitocin da ke cikinmu, a irin wannan lokacin ne kuke yanke hukuncin ko za a sake kiranku ranar da kuskuren naku ne. Yawancin likitocin da na yi aiki da su, idan aka zauna da su cikin natsuwa, sukan ce sun fi tsoron nas mai shiru a kan mai yawan tambaya. Mai tsawar nan ma, sau da yawa gajiya ce da tsoron kada a ga gazawarsa, ko da yake hakan bai wanke shi ba.

Game da maganin da kika riga kika bayar, kada ki bar shi ya wuce don babu abin da ya faru. Gobe idan kin shiga, ki ɗauki katin ki duba ko har yanzu ana bayar da shi a wannan adadin, ki buɗe littafin magunguna, ki je wurin mai harhaɗa magunguna ku lissafa tare da nauyin majinyacin da awon ƙodarsa. Idan daidai ne, kin ƙaru. Idan ya yi yawa, ki gaya wa shugabar ɗakinku kafin lokacin bayarwa na gaba, a gyara, a cike takardar rahoto. Idan kina so, ki turo mini sunan maganin da adadin da nauyin, ban da sunan majinyaci ko na likitan, mu duba tare kafin ki shiga aiki.